Ƙugiyar da ke bayan wuƙar aljihu: yadda ake riƙe ta da ayyukan da take yi

Na kai shekara huɗu ina yawo da wuƙar nan a aljihu ban taɓa buɗe ƙugiyarta don wani aiki ba. Kawuna ne ya ba ni ita, irin jar nan ta ƙasar Suwizalan mai tarin kayan aiki a ciki. Ruwan wuƙar na yanka igiya da shi, almakashin kusan kullum sai na taɓa shi, sukudireban ma ya sha fitar da ni kunya. Ƙugiyar kuwa tana kwance a bayan wuƙar, ban san abin da aka yi ta dominsa ba.

Ranar da na gane ta, a tasha nake da katon ɗin littattafai da aka ɗaure da siririn kirtanin leda. Kafin in kai bakin titi kirtanin ya nutse cikin yatsuna, sun yi fari fat, ina tafiya ina ajiyewa. Wani dattijo mai ɗinkin buhu ya dube ni ya ce, "Yaro, nemi ɗan itace ka zura ƙarƙashin igiyar, ka riƙe itacen." Na ce, "To, Baba." Na duba ban ga itace ba, sai na tuna da wuƙar. Na buɗe ƙugiyar, na saƙala ta a mahaɗar kirtanin, na damƙe jikin wuƙar a tafin hannu. Nauyin yana nan yadda yake, amma zafin ya tafi.

Dabarar dattijon nan ita ce duk sirrin ƙugiyar. Ba ta yanka, ba ta huda. Aikinta shi ne ta mayar da wuƙar gaba ɗaya mariƙi, ta kwashe ja daga fatar yatsa ta mayar da shi cikin dunƙulen hannu. Duk abin da yake siriri har yana yanka hannu, ko yake da zafi, ko maiƙo, ko ƙarfin da farce ba zai iya da shi ba, nan ne wurinta.

Wace wuƙa ce ke da ita

Kamfanin Victorinox ne ya yi suna da ita. Karl Elsener ya kafa shi a 1884 a ƙauyen Ibach da ke yankin Schwyz, kuma a 1897 ya yi rajistar wuƙar hafsoshi wadda ta zama uwar waɗannan jajayen wuƙaƙe. Ƙugiyar kuwa baƙuwa ce a gidan, sai a 1991 aka fara sa ta. An yi ta ne da tunanin ƙunshin kaya da ake ɗaurewa da kirtani, shi ya sa har yau wasu ke kiranta ƙugiyar ɗaukar ƙunshi.

Ana samunta a wuƙaƙen kamfanin masu tsawon milimita 91 waɗanda ke da almakashi, domin a layi ɗaya suke zaune, almakashi a gaba, ƙugiya a baya. Climber tana da ita, haka Huntsman da Explorer da Super Tinker da SwissChamp. Spartan da Tinker da Camper ba su da almakashi, don haka ba su da ƙugiya. 'Yar ƙaramar Classic ta jikin makullai tana da almakashi amma babu ƙugiya. A wadda ake kira Compact an goga bayan ƙugiyar ya yi kaushi, ana gyara farce da shi. Idan ka ci karo da tsohuwar wuƙa a gwanjo mai milimita 91, ga almakashi amma bayansa fayau, to akwai alamar ta girmi 1991.

Kasuwa cike take da na kwaikwayo. Ba na hana kowa saye, amma ka sani ƙarfensu yakan yi laushi, ƙusar da ke riƙe da ƙugiyar ma ba ta da ƙwari. Kafin ka amince wa irin wannan da kaya mai nauyi, gwada ta a gida da bokitin ruwa, ka ɗaga shi taƙi ɗaya daga ƙasa, ka duba ko ƙugiyar ta buɗe baki ko ta fara girgiɗi.

Buɗewa da riƙo

A nan zan fi daɗewa, domin wanda ya iya riƙon ya iya sauran.

Da farko ka tabbata duk sauran kayan wuƙar a rufe suke. Kada ka taɓa aiki da ƙugiya alhali ruwan wuƙa yana buɗe, don hannunka zai zagaye jikin wuƙar ne gaba ɗaya. Almakashi ma a rufe shi. Shi da ƙugiyar, sifirin ɗaya suke dannawa, wato ƙarfen ciki da ke riƙe su a buɗe ko a rufe, in ka bar su biyun a rabin buɗe lokaci guda, kana wahalar da sifirin ne ta fuska biyu, kuma idan ya karye ba gyaran bakin titi ba ne.

Juya wuƙar bayanta ya dube ka. Za ka ga ƙugiyar kwance, kanta yana kallon gefe guda. Sa farcen babban yatsa ƙarƙashin kan, ka ɗaga. Sabuwa takan yi tauri sosai, in farcenka ba shi da ƙwari ka yi amfani da bakin makulli. Ka ci gaba da ɗagawa har ka ji ta yi ƙas, ta tsaya cak a tsakiyar wuƙar. Yanzu siffar abin ta koma kamar kan famfo: jikin wuƙar a kwance, ƙugiyar a tsaye.

Sai ka kwantar da wuƙar a tafin hannu, ƙugiyar ta fito tsakanin yatsan tsakiya da mai bi masa, ka dunƙule hannu. Yatsu biyu a wannan gefe, biyu a wancan, nauyi ya rabu daidai. Idan aikin na lallaɓawa ne, irin kwance ƙulli, ka fito da ita tsakanin manuni da na tsakiya, za ka fi ganin abin da kake yi.

Ga abin da ba na so ka manta. Ƙugiyar nan ba ta da makulli, sifirin ne kawai ke riƙe da ita a buɗe. Muddin ja yana tafiya miƙe, daga bakin ƙugiyar zuwa tsakiyar hannunka, ba abin da zai motsa ta. Da zarar ka karkata, ja ya koma ta gefen da take rufewa, sai ta naɗe, kuma yatsanka ne a hanyarta. Na taɓa jan sifirin babur a karkace, ta rufe ta matse mini yatsa, farcen ya yi baƙi na makonni. Tun daga ranar, kafin in ja komai sai na dubi layin: abin da zan ja, da ƙugiyar, da gwiwar hannuna, su zama a layi ɗaya. In ba su daidaita ba, ni nake matsawa, ba wuƙar nake karkatarwa ba.

Bakinta kuma ƙarami ne. Yana ɗaukar kirtani, da igiyar takalmi, da wayar bokiti, amma igiyar guga ko hannun jarka ba za su shiga ba. Maganin wannan shi ne ka ajiye guntuwar igiya mai ƙwari, kamar santimita 30, ka ƙulle bakinta biyu ta zama zobe. Ka zagaya ta jikin abin da ya yi kauri, ka zura gefe ɗaya cikin ɗaya ta shaƙe shi, sai ka saƙala ƙugiyar a abin da ya rage. Da wannan 'yar igiya aikin ƙugiyar ya ninka.

Ɗaukar kaya

Lissafin da ake yawan ambata shi ne ƙugiyar asali tana jure kilo 90. Buhun siminti kilo 50 ne, ka ga ke nan wuyan hannunka zai gaji tun kafin ƙarfen ya ji komai. Ni dai ban taɓa ɗora mata abin da ya wuce kilo 20 zuwa 25 ba, kuma ban ga dalilin wucewa ba.

Ledojin cefane su ne aikinta na yau da kullum. Ka tattara hannuwan ledojin wuri ɗaya, ka murɗa su sau biyu ko uku su dunƙule kamar igiya, sannan ka zura su cikin bakin. In ba ka murɗa ba, wasu za su shiga wasu su zame, leda ɗaya ta ɗauke nauyin duka ta tsinke. Ledar da ke da ƙwai ko tumatir ka riƙe ta daban a ɗaya hannun, domin kayan da ke rataye a wuri ɗaya suna matse juna.

Katon kuwa ɗaurin ne ke yanke hukunci. A zagaya kirtani ta tsawo, a gicciya ta faɗi, a ƙulle a saman inda suka haɗu. A wannan mahaɗar za ka saƙala, ka kama zaren biyu tare. Idan ka kama ɗaya kawai, katon ɗin zai karkata, kirtanin ya zame zuwa kusurwa. Katon mai laushi kuma a sa guntun kwali a gefunan da kirtani ke bi, kada ya yanka shi.

Bokitin fenti mai lita 20 da robar hannunsa ta fashe, ya rage waya tsirara, shi ma nan ne. Ruwa lita 20 kilo 20 ne, kuma duk wanda ya ɗebo ruwa da irin bokitin nan ya san yadda wayar ke cin hannu. Ka kama tsakiyar wayar daidai, ka miƙar da hannu, ka yi tafiya a hankali ba tare da lilo ba.

Abu ɗaya game da ajiyewa: nauyi ne ke riƙe kaya a cikin ƙugiyar. Da ƙasan kayan ya taɓa wani abu, igiyar ta saki, za ta iya fita daga bakin ba ka sani ba. A kan matakala ko wajen hawa mota ka kula da wannan, musamman in akwai yaro a bayanka.

Sarƙar keke

Wanda sarƙa ta zame masa yana sanye da fararen kaya ranar Juma'a ya san darajar wannan.

A keke marar giya, ka kafe shi a kan jak ko ka kifar da shi. Fara da baya: saƙala ƙugiyar ta ƙarƙashin sarƙar, ka ɗaga ta ka zaunar a kan haƙoran ƙaramin faifan baya, ka tabbata ta zauna sosai. Sai ka dawo gaba, ka kamo sarƙar ta sama, ka ja ta ka ɗora a kan haƙora uku ko huɗu na saman babban faifan. Ba za ta hau duka ba, kuma ba a so ka tilasta mata. Riƙe ta a wurin, ka juya feda gaba a hankali da ɗaya hannun. Faifan da kansa zai ja sauran ta hau. Da ka ji ta fara kamawa, zare ƙugiyar, kada haƙora su tafi da ita. A kekunan da ke da murfin sarƙa ma ƙugiyar tana shiga inda yatsa ba ya kaiwa.

Keke mai giya ya fi sauƙi. Akwai ɗan hannu mai ƙananan tayoyi biyu da ke rataye a baya, shi ke ɗame sarƙar. Tura shi gaba, sarƙar za ta saki. Ka kamo ta ta ƙasa da ƙugiyar, ka ɗora a kan haƙoran ƙasan ƙaramin faifan gaba, ka saki hannun a hankali, ka ɗaga tayar baya ka juya feda.

In sarƙa tana yawan zamewa a keke marar giya, ta yi sako-sako ne. A kwance notocin tayar baya, a ja tayar baya kaɗan, a ɗaure, a bar sarƙar tana motsi sama da ƙasa kamar santimita ɗaya. Wannan aikin sifana ne, ba na ƙugiya ba. Sarƙar babur kuwa, kada hannunka ko wuƙarka su kusance ta inji yana aiki.

Sifirin

Sifirin ɗin jak ɗin babur, da na birkin baya, da waɗanda ke ɗame gadon zango ko ƙofar raga, duk suna da lanƙwasa a baki wadda ake saƙalawa a wani ƙarfe. Filaya takan zame a kansu. Ƙugiya ba ta zamewa, shi ya sa makanikai da yawa ke lanƙwasa waya su yi tasu.

Ka fara saƙala bakin da ya fi wuyar kaiwa da hannu, tun sifirin bai ɗame ba. Sai ka kama ɗaya bakin da ƙugiyar, amma ta gefen lanƙwasar, ka bar wa ƙarfen da zai shiga wuri. In ka cika tsakiyar lanƙwasar da ƙugiyarka, za ka kai sifirin wurin amma ba inda zai zauna. Ka tsaya yadda za ka ja zuwa jikinka a miƙe, ƙafa a kafe, wani ya riƙe maka babur ɗin. Ja da kafaɗa da baya, sannu a hankali, ka wuce ƙarfen kaɗan, ka sauke lanƙwasar a kansa, sannan ka sassauta ka zare.

Kada fuskarka ta kasance a layin sifirin. In ya kuɓuce, tafiyar harsashi yake yi, kuma ido ba shi da na canji. In kana da tabarau ka sa.

Idan sifirin ya fi ƙarfinka, akwai dabara. Tun yana hannu, ka lanƙwasa shi gefe, tsakanin zagayensa zai buɗe, ka cusa ɗan zoben ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti, ko kwabo, a ciki. Ka lanƙwasa ɗaya gefen ka cusa wani. Kowane ɗaya yana ƙara masa tsawo kaɗan, har ya kai inda ja kaɗan zai isa. Bayan ya zauna, ka motsa jak ɗin sifirin ya miƙe, su zubo ko ka zare su. Mutanen Nijar da har yanzu sulallan sefa ke yawo a aljihunsu ba za su sha wahalar neman abin cusawa ba.

Igiya, ƙulli da waya

Ɗaure kaya a bayan babur ko keke da siririyar igiyar leda yana da matsala ɗaya: ba ka iya ɗame ta yadda kake so, don tana yanka hannu. Ka yi ɗan zobe a jikin igiyar daga sama, ka zagaya bakinta ta ƙarƙashin kariya, ka dawo da shi ka zura cikin zoben. Yanzu ka naɗa bakin sau biyu ko uku a wuyan ƙugiyar, ka danne ragowar da babban yatsa, ka ja ƙasa. Zoben yana ninka ƙarfin janka. Ka matse wurin da igiyar ta ratsa zoben da yatsu biyu, ka zare ƙugiyar, ka ƙulle. Haka ake ɗame igiyar shanya, da ta tamfol, da bakin buhu.

Ƙullin da ya shaƙe, musamman wanda ya jiƙe ya bushe, ba a fara shi da ja. Ka murza shi tsakanin yatsu ko ka ɗan bubbuga shi a kan itace ya saki jiki. Sai ka nemi zaren da ya hau saman sauran, ka lallaɓa kan ƙugiyar ƙarƙashinsa, ka ɗaga kaɗan, ka koma wani gefen ka yi haka. Tun da ba ta da kaifi, ba ta cin zaren, kuma wannan ne ya sa ta fi tsinken wuƙa a wannan aiki. Igiyar da da yanka ta za a yi sai ta tsira.

Mazagin wando da ya shige cikin ƙubaka, in bai yi nisa ba, ka tattaro yadin har bakin mazagin ya matso kusa da ramin, ka zura ƙugiyar ka kamo shi. In ya yi nisa, ƙugiyar gajera ce, sai a zare shi duka a sake zurawa da fil. Takalmin sau-ciki mai doguwar igiya, irin na masu aikin gini da 'yan hidimar ƙasa, ana ɗame shi da ita daga ƙasa zuwa sama, gicciye bayan gicciye. Kujerar ƙarfe da ake saƙawa da igiyar roba ma, in zare ɗaya ya tsinke, da ita nake jawo sabo ta tsakanin saƙar.

Murɗa waya shi ne wuri ɗaya da na yarda a juya wuƙar, kuma da waya mai laushi kawai, irin ta ɗaurin rodi. Yanki kamar santimita 30, ka ninka biyu. Zagaya ta ƙarƙashin abin da za ka haɗa, ko raga ce da sandar kejin kaji, ko karan danga. Ka sa ƙugiyar cikin lanƙwasar, ka kwantar da sauran bakuna biyu a cikin bakin ƙugiyar ka tanƙwara su. Sai ka ja sama kaɗan kana juya wuƙar kamar mai buɗe famfo. Juyi uku ko huɗu ya isa. Da ka ji ta yi tauri ka tsaya, in ka ƙara za ta tsinke a gindi. Zare ƙugiyar, ka kwantar da wutsiyar wayar kada ta yagi wani. Wayar shinge mai tauri ba ta cikin wannan, filaya ce abokiyar aikinta.

Turakun ƙarfe na tanti ko na rumfa, masu lanƙwasa a ka, ana cire su ta layin da aka kafa su. Yawanci a karkace ake buga su, don haka kada ka ja sama tsaye. In ƙasa ta bushe ta riƙe, zuba ruwa kaɗan a gindin, ka ɗan jijjiga da ƙafa, sannan ka ja. Turken itace na ɗaure sa ya fi ƙarfinta.

Bakin murhu

Butar shayi ko tukunya mai hannun waya, ka kama tsakiyar hannun, ka ɗaga miƙe, ka sauke kusa. Ƙugiyar ɗagawa take yi, ba ta hana tukunya juyawa, saboda haka kada ka yi ƙoƙarin tsiyaya da ita kaɗai, sai da tsumma a ɗaya hannun yana riƙe da gindin. Murfin tukunya mai ɗan zobe a ka, da ragar gashin nama idan za a ƙara gawayi, duk tana ɗaga su. Lokacin layya, da ake kwana ana suya da gashi, ba ta hutawa a hannuna.

Sai dai ƙugiyar gajera ce, yatsunka suna kusa da zafi. In harshen wuta yana tashi, ka jira ya kwanta ko ka janye itacen. Jan mariƙin nan kuma roba ce, tana narkewa, don haka a shiga a fito, kada a ajiye wuƙar a gefen kurfoti. Tukunyar mai da ke tafasa kuwa ban yarda a ɗauke ta da ƙugiya ba ko kaɗan.

Akwai ƙananan ayyuka da ba sa buƙatar dogon bayani. Zoben gwangwanin kifi ko na lemo da ya kwanta ya ƙi farce, ka zura ta ƙarƙashi ka ɗaga. Zif ɗin jaka da marikinsa ya karye, ka saƙala a ramin da ya rage ka ja. Gashi da zare da suka toshe ramin ruwan banɗaki, ko suka naɗe a gindin fanka bayan an kashe ta, tana fito da su. Mai kamun kifi yakan naɗa zarensa a kanta idan ƙugiyarsa ta maƙale a ciyawa, maimakon ya naɗa a hannu ya yanke.

Inda ba ta shiga

Ba a rataya mutum da ita. Ba a hawa bishiya, ba a sauka rijiya, ba a jan wanda ya faɗa rami da ita, ko da an ce tana ɗaukar kilo 90. Wannan lissafi na kaya ne da ke rataye shiru, jikin mutum kuwa fizga yake yi.

Ba a kusantar wayar lantarki da ita. Daga bakin ƙugiyar har cikin wuƙar ƙarfe ne, robar waje ba kariya ba ce, kuma yatsunka suna manne da ƙarfen. Ko an ɗauke wuta, ana iya dawo da ita ba sallama.

Ba a ɓanɓare abu da ita. Murfin fenti, ƙusa, marfin kwalbati, duk aikin da ke buƙatar a cusa ƙarfe a danna gefe, yana lanƙwasa ƙugiyar ko ya sassauta ƙusar da ke riƙe da layukan wuƙar. Da zarar wannan ƙusa ta saki, almakashin ma zai fara girgiɗi.

Wanki da mai

Tun da ita ke shiga maiƙo da toka da ramin ruwa, ta fi sauran kayan wuƙar ɗaukar datti, kuma a wuƙa ɗaya take da ruwan wuƙar da kake yanka lemo da shi. Bayan aikin ƙazanta ka wanke ta da sabulu kafin ka rufe. Lokaci-lokaci ka sa wuƙar cikin ruwan ɗumi, ka riƙa buɗe kowane abu kana rufewa ɗaya bayan ɗaya har su saki, ka bi ramukan da tsohon buroshin haƙori. Ka girgiza ruwan, ka bar ta a buɗe a inuwa ta bushe sarai. Fetur da tina suna ɓata robar, a nisanta su.

In ta bushe, ɗigo ɗaya na mai a gindin ƙugiyar, inda take gogar sifirin, ka buɗe ka rufe sau goma, ka share abin da ya fito. Man keken ɗinki yana yi, amma in kana yanka abinci da wuƙar ka nemi farin man da ba ya cutarwa in ya taɓa abinci. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su yi danƙo, ƙura ta manne. A lokacin hunturu, da ƙura ke shiga ko'ina, nakan yi wannan wanki duk wata, da damina kuma na fi kula da bushewar.

Mai tafiya ta jirgin sama, ko Umara ce ko aikin Hajji ko wata tafiyar, ya sa wuƙar cikin babbar jakar da za a auna. In aka gan ta a jakar hannu wajen bincike za a karɓe ta, kuma ba a cika dawo da ita ba.